Makirofej da Dunduniyar Yaya

Na yi shekaru masu yawa ina koyar da bayoloji a wata sakandare a Gaya, kuma a tsawon shekarun nan babu abin da na taɓa feɗewa da ya wuce kwaɗo. Duk da haka, a danginmu ni ne likita. In yaro ya yi zazzaɓi a Balan, ko tsohuwa ta tashi da ciwon gwiwa a Toranke, sai a ce a kira Malam a ji. Ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba. Nakan gyara murya, in tambayi launin fitsari, in yi shiru na ɗan lokaci kamar mai auna magana, sannan in ce a je asibiti. Da wannan jumla ɗaya na riƙe muƙamina har na yi ritaya.

A cikin darussan da nake koyarwa, wanda na fi so shi ne na fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki daga cuta. A cikinsu ma ina da ɗan gaban goshi, wani da ake kira makirofej. Ma'anar sunan ita ce babban maci. Ba shi da tsayayyar siffa, yawo yake yi a cikin jiki, duk abin da ya tarar na ƙwayar cuta ko mataccen nama sai ya rungume shi ya haɗiye. Nakan zana shi a allo da ƙaton tumbi, in cika tumbin da ɗige-ɗigen alli, ɗalibai su yi ta dariya. Na daɗe ina zaton gwanintar zanena ce take ba su dariya, sai da wani tsohon ɗalibina, bayan ya zama magidanci, ya gaya mini cewa sunan da suke kirana da shi ke nan a bayan idona. Na dubi cikina, ban ga abin musu ba.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya zauna a Toranke ya riƙe gonakin mahaifinmu. Ya girme ni sosai, kuma shi kaɗai ne a dangi bai taɓa kirana Malam ba. Auta yake ce mini, ko a gaban surukaina. Dogo ne siriri marar yawan magana, gero da dawa da gyaɗa yake nomawa, da ɗan riɗi a gefe. Tun ina yaro ban taɓa ganinsa kwance da rana ba.

Wata damina matarsa ta kira ni a waya ta ce in zo in ga ƙafar Yaya. Wani baƙin tabo ne a dunduniyarsa ta dama, ya daɗe a wurin, sun ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki, ko faso ne ya yi zurfi. To ga shi ya faɗaɗa, ya fara tsattsafo jini, ya hana shi taka ƙasa da kyau. Na hau babur na je, ina tafe ina shirya tambayoyin da zan yi. Yaya ya miƙe ƙafar a kan wani kifaffen turmi, aka kwance tsumman, na sunkuya na duba. Abin da na sani bayan nan shi ne ina zaune a ƙasa na jingina da rumbu, matar Yaya tana yi mini fifita da faifai, shi kuma mai ciwon yana cewa a ba Auta ruwa. Da na dawo hayyacina na ce rana ce ta buge ni a hanya. Ranar kuwa tun safe hadari ya rufe gari. Sannan na faɗi jumlata ta kullum, a je asibiti.

Daga asibitin Gaya aka tura mu Kano. Can suka yanki ɗan naman wurin suka kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito cewa ciwon daji ne na fata, irin wanda yake tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Aka ce mana a wurin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Aka yi masa aiki, aka yanke wurin, aka ɗebo fata daga cinyarsa aka rufe. Mun fara murna ke nan sai kaluluwa ta fito masa a matsematsi ta ƙi komawa, hoto kuma ya nuna 'yan ɗigo-ɗigo a huhu.

Likitar da ta karɓe mu a sashen masu ciwon daji mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Tun kafin mu zauna na sanar da ita cewa ni ma ɗan kimiyya ne. Na kuma tambaye ta sakandaren da ta yi, da fatan ko wani ɗalibina ne ya koyar da ita, in samu abin faɗa a majalisa. Ta ce a Katsina ta yi. Ta juya wurin Yaya ta ce akwai wani magani da ake sa wa ta ƙarin ruwa, wanda 'ya'yansa da ke aiki a birni suka yi ta faɗi-tashi har aka shigar da shi wani tsarin tallafi don ya samu. Ta ce maganin ba shi ne yake kashe ciwon da kansa ba. A cikin jini akwai wasu sojoji da ake kira ƙwayoyin Ti, su ne ke iya gane naman daji su hallaka shi. Amma Allah ya yi musu birki, don kada su wuce gona da iri su afka wa lafiyayyen jiki. Ciwon dajin ya koyi taka musu wannan birki, sai su zo har gabansa su tsaya cak. Aikin maganin shi ne ya toshe wurin da ake takawar, sojojin su ci gaba da aikinsu. Ta ƙara da cewa yana yi wa wasu aiki sosai, wasu kaɗan, wasu kuma ba ya yi musu.

Duk jumlar da ta faɗa sai in juya in maimaita wa Yaya, da ƙarin bayani da nuni da hannu. Ya bar ni na yi haka har wajen rabin zancen, sannan ya dafa gwiwata ya ce, "Auta, Hausa fa take yi."

Haka muka fara zirga-zirga. Duk bayan 'yan makonni sai a kawo shi gidana a Gaya a adaidaita sahu, mu shiga mota mu bi ta Wudil zuwa Kano. Ni na naɗa kaina ɗan rakiya, tunda na yi ritaya kuma ni ne mai fahimtar harkar. Matar Yaya takan cika kula da dambu ko tuwon dawa da miyar kuka, wani lokaci har da naman zabo, don mai jinya ya samu ƙarfi. Shi kuwa da an cire masa ruwan ba ya iya cin komai, in ya yi ƙoƙari ya kai loma biyu. Ni kuma na taso da sanin cewa almubazzaranci ba kyau. Sai in zauna a bencin baranda in rufa wa abincin asiri, in mayar mata da kula a wanke. Ta yi ta murna tana cewa cin abincin Yaya ya dawo. Shi bai ƙaryata ba, ni ma ban ga dalilin ɓata mata rai ba. Kafin kaka ta yi, Yaya ya ƙara ramewa, ni kuma an buɗa mini wanduna biyu a wurin tela.

A Toranke akwai majalisar da dattawa suke zama bayan la'asar, gindin wata darbejiya kusa da masallaci. Da suka tambaye ni wane irin magani ake yi wa ɗan'uwansu, sai na ji kamar an mayar da ni aji. Na karɓi kara na share ƙasa na zana sojojin Ti, na zana birki, na zana ciwon. Sannan na ƙara abin da likita ba ta faɗa ba. Na zana makirofej da tumbinsa, na ce wannan shi ne sarkin yaƙin, in sojoji sun gama sara shi zai zo ya haɗiye ciwon gaba ɗaya, ko ɓurɓushi ba zai bari ba. A zuciyata na ɗauka mantawa ta yi ba ta ambace shi ba, yarinta ce, na kuma yafe mata. Wani tsoho ya tambaye ni ko kowa yana da wannan maci a jikinsa, ko sai wanda ya yi boko. Na ba shi amsa dalla-dalla, sai da na hau babur na kama hanyar gida na gane da cikina yake.

Ban tsaya nan ba. Na umarci matar Yaya ta riƙa dafa zogale safe da yamma, a haɗa da zuma da dabino, wai don a ƙara wa makirofej kuzari. Da likita ta ji, ta ce abinci mai kyau ba laifi, amma kada a ba shi wani jiƙo ko sassaƙe ba tare da an gaya mata ba. Ta faɗi haka tana kallon Yaya, amma ni na san wanda ake yi wa.

Bayan wasu watanni aka sake ɗaukar hoto. Tun daga yadda likita ta daɗe tana kallon kwamfuta na san labarin ba daɗi. Ta ce ɗigon huhu suna nan yadda suke, kaluluwar matsematsi kuwa ta ƙara girma. Yaya ya gyaɗa kai kamar an gaya masa ruwa ya ɗauke da wuri. Ni ne na kasa haƙuri. Na tambaye ta, da ɗan faɗa-faɗa ma, ina makirofej suka shige, me suke jira.

Ta ce bari ta nuna mini wani abu. Ta buɗe hoton ɗan naman da aka ciro daga kaluluwar, wanda aka rina aka ɗauka da madubin ɗakin gwaji. Ko'ina ɗigo-ɗigo ne masu ruwan ƙasa, a gefe da tsakiya. Ta ce duk waɗannan su ne. Na ce alhamdu lillahi, ashe sun iso. Ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ɗaga hannu da zumuɗi ya ba da amsar wata tambayar daban.

Sannan ta yi bayani a hankali. Ta ce abin da na koyar gaskiya ne, amma rabin aikinsa ne. Makirofej yana yaƙi, yana kuma gyaran rauni. In mutum ya ji ciwo, bayan an kashe ƙwayoyin cuta, shi ne yake sa sojojin Ti su lafa, ya taimaka a shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini, nama ya ciko. To ciwon daji yana fitar da wasu sinadarai da suke sa makirofej ya ɗauke shi a matsayin raunin da ke neman warkewa. Sai ya zauna yana yi masa hidima, yana jawo masa jini, yana tsare sojoji a bakin wurin kada su shiga, shi ma yana taka musu birki ta hanyoyin da maganin bai toshe ba. Ta ce a gwajin da ake yi da ɓeraye an ma ga yana tsige maganin daga jikin sojojin ya haɗiye. Shi ya sa inda irin waɗannan suka yi yawa, sau da yawa maganin ba ya yin ƙarfin da ake so. Ta ce ba za ta rantse cewa wannan ne kaɗai dalili a jikin Baba ba, kuma masu bincike suna neman maganin da zai juyo da hankalin makirofej, amma har yanzu gwaji ake yi.

Wannan karon ban fassara ba. Yaya ne ya yi magana, bayan ya ɗan yi tunani.

"Likita, in na gane, shi wannan jinya ya zo, sai ya zauna yana cin abincin marar lafiya."

Ta ce kusan haka ne, Baba. Ya ce to ya san irinsu, bai kuwa ko kalli inda nake ba. Likitar ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ranar ban taɓa kular ba. Na riƙe ta a cinya muka fito daga Kano, ina jin haushin wata ƙwayar halitta kamar aminin da ya ci amanata. Shekara da shekaru ina yabonsa a gaban yara, ga shi a jikin ɗan'uwana yana yi wa ciwo bauta. Mun kusa gadar Wudil Yaya ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada fasinjoji su ji. Ya ce shi ba ya tsoro, ya ga jikokinsa, ya binne iyayensa da hannunsa, abin da Allah ya rubuta ba zai wuce ba. Sai dai in abin ya ƙi, ni zan gaya wa yaran da uwarsu, tunda ni Allah ya ba baki. Na juya fuska waje, na ce iska ce take shiga idona. Gilashin a rufe yake. Ya miƙo hannu ya buɗe kular ya ce in ci, kada dambun ya yi tsami a zarge shi. Na ci ina share hanci.

Likitoci suka zauna suka yanke shawarar a cire kaluluwar, a yi wa wurin gashi da na'ura, a ci gaba da ƙarin ruwan. Likitarmu ta ce wani lokaci gashin yakan tayar da hankalin wurin har sojoji su farga, amma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Yaya ya sha wahala a wannan tsakanin. Ƙafar ta kumbura, jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi, ga gajiya da take kwantar da shi da rana tsaka, abin da ya fi ciwon kansa ɓata masa rai. Daminar da ta biyo baya a bakin gona ya yi ta, a kan tabarma, yana nuna wa 'yan ƙwadago inda suka bar ciyawa.

Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo. Farare-fararen tabo suka fara fito masa a bayan hannu da gefen baki, gemunsa ya ƙarasa yin fari fat. Magana ta fara yawo a gari cewa maganin Kano ya jawo masa kuturta. Ba wanda ya faɗa a gabansa, amma matarsa ta lura maƙwabtan da suka saba fito da kwanukansu ƙofar gidansa a ci tare sun fara samun uzuri. Ta gaya mini a zaure tana hawaye, ita da kullum tsokanata take yi. Da muka koma asibiti likita ta duba ta ce ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗauka. Sojojin ne suka farka, suna kai wa ƙwayoyin launi hari, masu ciwo da wasu marasa ciwo. Ta ce a irin wannan ciwon sau da yawa ana ganin haka a jikin waɗanda maganin ya fara kama su, amma mu jira hoto.

Na koma gindin darbejiya da karana. Dole na fara da warware abin da na faɗa a baya, cewa sarkin yaƙin nan nawa an same shi a sansanin abokan gaba. Wani da ya taɓa yin kansila ya ce wato ya sauya sheƙa, ya tambaya ko an san abin da aka ba shi. Aka yi dariya. Na yi ta bayanin ƙwayoyin launi har aka kira magariba, kowa ya ce Allah ya ƙara sani, washegari kuma ƙofar gidan Yaya ba kowa.

Ganin bayani bai yi ba, sai na tare a Toranke na ɗan lokaci. Kullum in an sauke abinci sai in sa a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani, in zauna da Yaya mu sa hannu a kwano ɗaya, mu sha fura a ludayi ɗaya. Na yi wannan aiki da himmar da ban taɓa yi wa gwamnati ba. Mutane suka zuba ido su ga ko zan yi fari. Ban yi ba, sai ƙiba da na ƙara. A hankali wani maƙwabci ya fito da kwanonsa, sai wani, har zaman ya koma yadda yake. Matar Yaya ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin ranar da cikina ya yi wa dangi amfani ba sai yanzu.

Hoton da aka ɗauka bayan nan ya nuna ɗigon huhu sun ragu, wasu ma ba a ganinsu. Likita ta ce kada mu ce an warke, ciwon yana nan ana tsaronsa, za a ci gaba da dubawa. Har yau a haka muke. Fararen tabon ba su tafi ba, ƙafar dama kuma ta zauna da kumburinta, ta fi ta hagu girma.

A zuwanmu na baya-bayan nan, da ta gama dubawa ta tambaya ko akwai mai tambaya. Ina da su da yawa, na kwana biyu ina karance-karance a waya kan magungunan da ake gwadawa. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce shi tasa ɗaya ce, yana iya shiga gona in ƙasa ta jiƙe? Ta ce yana iya shiga, amma da dogon takalmin ruwa na roba, da safa, kuma kullum ya wanke ƙafar ya duba ko ya ji ciwo. Ya ce shi ke nan, ya miƙe. Na bi shi da tambayoyina a ciki.

Ranar kasuwar Gaya muka je neman takalmin. Wanda ya shiga ƙafar hagu ya ƙi shiga ta dama, wanda ya shiga ta dama kuma ta hagu tana iyo a ciki. Mai takalma ya ce shi ba ya raba ƙafa. Yaya ya sa aka ɗauko takalmi ƙafa biyu cikakku, babba da ƙarami, ya zaɓi na dama a babban da na hagu a ƙaramin, ya sa, ya taka zuwa rumfar masu barkono ya dawo, ya ce sun yi. Ragowar biyun, ƙaton na hagu da matsattsen na dama, ya sa a leda ya miƙo mini. Ya ce tunda zan zo taya shi cirar gyaɗa bana, ga nawa.

Na je cirar. Da ɗingishi na yi ta, ƙafa ɗaya tana zafi ɗaya tana zamewa, Yaya yana gabana da kunyar gyaɗa biyu.